Gadar Basirka Da Ɗan Aiken Da Ba Ya Barci

 Yau za mu ɗan bar zancen taki da farashin hatsi, mu yi magana a kan wata 'yar na'ura wadda ba ta fi akwatin ashana girma ba. Amma kafin mu kai gare ta, sai mun tuna da abin da ya sa muka ɗauko zancenta.

A cikin watan Agusta na shekarar 2021 aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a ƙasar Gwaram. Ruwan ya cinye wata gada a kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, watau hanyar da matafiya daga Kano ke bi ta Birnin Kudu su shiga Jihar Bauchi, su wuce Gombe da Adamawa. Kafin labari ya kai kunnen direbobi, motoci sun taho da gudunsu sun faɗa ramin. Mutum 21 suka rasa rayukansu. Mu da ke zaune a wannan yanki ba mu manta ba, gama babu gidan da ba shi da wanda ke bin wannan hanya, ko ɗan makaranta, ko mai zuwa cin kasuwa, ko mai kai mara lafiya asibiti a Birnin Kudu.

Gina gada mai ƙarfi aikin gwamnati ne, ba kuwa za mu daina roƙonta a kan haka ba. Amma akwai wata tambaya dabam. Daga lokacin da gada ta karye zuwa lokacin da mota ta farko ta iso, akwai 'yan mintoci, wani lokaci ma sa'o'i. Wa zai yi amfani da wannan ɗan lokaci ya tare direba? Mutum yana barci, yana gudun ruwan sama, ba ya kwana a bakin rafi. To, ashe ana bukatar ɗan aiken da ba ya barci, ba ya kuma jiran kati ko sabis.

Mece ce wannan na'ura?

Dukanmu mun san rediyo. Tasha tana magana, mu kuwa muna ji, ba mu da bakin mayar mata da amsa. Mun kuma san oba-oba ta 'yan sanda, wadda ke magana ta kuma ji. To, na'urar da muke zance ƙanwar oba-oba ce, sai dai ba murya take ɗauka ba, lambobi take ɗauka. Ɗan allo ne mai 'yan ƙafafu na ƙarfe, ana haɗa shi da wata ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki, irin wadda ɗalibai suka sani da sunan Arduino. Ƙwaƙwalwar ta ce mata, aika lamba kaza, sai ta aika. Wata irinta a can nesa ta karɓa, ta miƙa wa tata ƙwaƙwalwar, ita kuma ta kunna fitila, ko jiniya, ko injin ban ruwa.

Wannan dabara ba ta yau ba ce. Tun a shekarar 1898 wani masani mai suna Nikola Tesla ya nuna wa jama'a a birnin New York na Amurka yadda yake sarrafa ɗan jirgin ruwa daga nesa ba tare da waya ba. Abin da ya sake a zamaninmu shi ne girma da kuɗi. Rimot ɗin da ɗan acaɓa ke latsawa mashin ɗinsa ya yi ƙara, da na buɗe ƙofar mota, duk 'yan gida ɗaya ne da na'urar nan.

Wani zai ce, ai muna da wayar hannu tun shekarar 2001, me ya kai mu wahala? Gaskiya ne, wayar ma tana da wurinta a cikin wannan aiki. Amma wayar hannu ba ta magana da 'yar'uwarta kai tsaye, sai ta bi ta turken kamfani. In turken ya rasa man janareta, ko iska ta taɓa shi, kowa ya san yadda sabis ke ɗaukewa, sau da yawa kuwa a daren da aka fi bukatarsa. Mun kuma ga yadda aka rufe layukan waya ɗungum a Jihar Zamfara a watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro. 'Yan na'urorin nan biyu kuwa tsakaninsu kawai suke magana, babu na uku.

Akwai su iri-iri a kasuwa. Akwai mai suna nRF24L01, ta kamfanin Nordic Semiconductor na ƙasar Norway, mai aiki a kan megahaz 2,400. Tana da sauri da araha, amma tafiyarta gajeriya ce, bango da ganye suna tare ta. Akwai HC-12 mai aiki a kan megahaz 433, mai sauƙin haɗawa ga mai koyo. Sa'an nan akwai masu fasahar LoRa, irin su SX1276 da SX1278, waɗanda suka fi sauran cin nisa. Za mu komo kansu.

Zango da eriya

Dattawanmu da suka saba kama Rediyon Kaduna a gajeren zango, a kan mita 49, sun riga sun san rabin wannan karatu. Wannan mita 49 tsawon igiyar rediyon ce guda ɗaya. Lissafinsa kuwa mai sauƙi ne: a raba 300 da yawan megahaz, abin da ya fito shi ne tsawon igiyar a mita. In aka raba 300 da 433, za a sami wajen santimita 69. Eriya mafi sauƙi kuwa ita ce waya miƙaƙƙiya mai tsawon rubu'in igiyar, watau wajen santimita 17, ƙasa da kamu ɗaya. A kan megahaz 868 ba ta wuce santimita 8 da ɗoriya. Wanda ya yanka wayar yadda ya ga dama, ko ya naɗe ta don ta shiga akwati, ya zubar da yawancin ƙarfin na'urarsa tun saƙo bai bar gida ba.

Ga dokoki uku da masu wannan aiki ba sa wasa da su. Kada a kunna na'ura ta yi aike babu eriya a jikinta, gama ƙarfin da ya rasa hanyar fita yana iya komowa ya lalata ta. Kada a sa eriya cikin akwatin ƙarfe ko a jingina ta da kwanon rufi. In eriyar wannan gefe a tsaye take, ta wancan gefen ma ta zama a tsaye.

Abu na biyu shi ne tsawo daga ƙasa. Gajeren zango na Kaduna yakan hau sama ya dawo, shi ya sa yake tsallake ƙasashe. Igiyoyin 'yan na'urorin nan kuwa kusan miƙe suke tafiya kamar hasken tocila. Suna son su ga juna. Duniya kuma a lanƙwashe take, saboda haka akwai iyakar inda eriya ke iya hange. Eriyar da ke mita 1 daga ƙasa tana hangen wajen kilomita 4 a fili shimfiɗaɗɗe, wadda ke mita 9 kuwa tana hangen wajen kilomita 12. Wannan fa in babu tudu, babu kurmi a tsakani.

Ƙara ƙarfin aike bai kai ɗaga eriya amfani ba. Ko a sararin da babu abin da ya tare, in kana son ka ninka nisa sau biyu, sai ka ninka ƙarfi sau huɗu. Kusa da ƙasa abin ya fi haka tsada. Dogon gora ko bututun ƙarfe mai ɗaga eriya ya fi babban batir arha.

Mun ga wannan da idonmu. Wani saurayi mai gyaran waya a cikinmu ya haɗa guda biyu, muka gwada da rani. Ɗaya a gida, ɗaya a kan keke, saƙo yana isowa har bayan gonakin gari. Muka yi murna. Da damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsawo, itatuwa suka cika da ganye, muka koma daidai wurin nan, sai shiru. Na'urar ba ta lalace ba. Ɗanyen ganye ne ke shanye igiyar. Da muka ɗaure eriyar a kan gora ta haye kan dawa, magana ta dawo. Tun daga ran nan muka gane cewa gwajin da aka yi a watan Maris ba shaida ba ne a kan watan Agusta.

Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram kuma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce duka. Akwai duwatsu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu, waɗanda aka san su saboda zanen mutanen dā. Dutse yana tare igiyar rediyo, amma in aka ɗora na'ura ta uku a kansa, ta karɓi saƙo daga kwari ta miƙa gaba, sai abin da ya zama shinge ya koma hasumiya. Gada kuwa kullum a kwari take, wurin da ya fi ko'ina wuyar fitar saƙo. Saboda haka mai tsara aikin zai fara da tafiya da ƙafa, ya duba ina tudu yake, ina tankin ruwa, ina dogon gini.

Sannu ba ta hana zuwa

Fasahar LoRa ta fito ne daga wani ƙaramin kamfani mai suna Cycleo a birnin Grenoble na Faransa, wanda kamfanin Semtech na Amurka ya saya a shekarar 2012. Dabararta ita ce jan magana. In kana kiran wani a hayin rafi, ba ka yi masa magana da sauri, sai ka ja kowace kalma. Haka LoRa take yi, tana jan kowace lamba cikin wani sauti mai hawa kamar fito, har mai karɓa ya iya tsamo ta ko da ta fi hayaniyar iska rauni. Abin da aka biya shi ne sauri. Ba ta ɗaukar hoto ko murya. Amma da ƙarfin da bai wuce miliwat 100 ba, tana iya cin kilomitoci masu yawa in eriya ta sami tsawo. Mu kuwa ba hoto muke nema ba. Muna son mu san ruwa ya kai ina, gada kuma tana nan ko ba ta nan.

Yaya na'ura za ta san haka? Hanya mafi sauƙi ita ce 'yar ƙwallo mai iyo, irin wadda ake sa wa tankin ruwa na sama. In ruwa ya ɗaga ta, sai ta haɗa wuta. Ana iya jera uku a jikin ƙafar gada, ta ƙasa, ta tsakiya, da ta sama. Hanya ta biyu ita ce ma'auni mai aiki irin na jemage: yana aika wani sauti da kunne ba ya ji zuwa fuskar ruwa, ya ƙidaya lokacin dawowarsa. Da yake sauti yana cin wajen mita 340 a daƙiƙa ɗaya, lissafin nisan ba shi da wuya. Hanya ta uku, wadda ta fi dacewa da karyewar gada, ita ce siririyar waya da aka bi da ita tun daga kwaltar wannan gefe, ta bi jikin gada, har kwaltar wancan gefe. In gadar ta tafi, ko ruwa ya cinye ƙasar bakinta, wayar za ta tsinke.

Saƙon kansa kuma sai an shirya shi kamar wasiƙa. Da farko sunan mai aikowa, domin a san wace gada ce ke magana. Sai lambar wasiƙa, ta ɗaya, ta biyu, ta uku, domin in ta bakwai ta zo bayan ta biyar a san ɗaya ta ɓace. Sai abin da aka auna. Sai ƙarfin batir. A ƙarshe kuma wata lambar tantancewa wadda ake samu ta lissafa dukan abin da ke cikin saƙon. Mai karɓa zai sake lissafin da kansa, in bai yi daidai ba ya san walƙiya ko wata na'ura ta ɓata saƙon a hanya, sai ya yar da shi.

Da yake na'urar tana faɗa tana kuma ji, mai karɓa yana iya amsawa, ya ce na ji. In mai aikowa bai ji wannan amsa ba, sai ya sake. Amma in gadoji biyu suka yi magana a lokaci guda, muryoyinsu za su haɗu su ɓata juna, in kuma suka sake tare, za su sake karo. Maganin wannan ya fito daga Jami'ar Hawaii, inda Norman Abramson da abokan aikinsa suka haɗa kwamfutoci ta rediyo a shekarar 1971: kowace na'ura ta jira ɗan lokacin da ta zaɓa da ka, kāna ta sake. Haka mutane masu ladabi ke yi a taro in biyu suka buɗe baki tare.

Shiru ma magana ce

Yanzu mun zo ga abin da muke so kowa ya riƙe, ko da ya manta sauran. Mai koyo yakan tsara abinsa haka: in ruwa ya hau, na'ura ta aika saƙon haɗari, fitila ta kama. In babu saƙo, lafiya ke nan. Wannan tsari tarko ne. Ruwan da ya isa ya tafi da gada ya isa ya tafi da na'urar da ke jikinta. Batir yana mutuwa, ɓarawo yana kwancewa, tsawa tana ƙonawa. A duk waɗannan, abin da zai iso gari shi ne shiru, fitila kuwa za ta zauna a kashe, direba ya ɗauka hanya lafiya. Gara babu na'ura sam da irin wannan, gama ta koya wa mutane dogara ga abin da zai yi shiru a ranar da ake bukatarsa.

Tsarin kirki juye yake. Na'urar gada ita ce za ta riƙa cewa ina nan, lafiya, ina nan, lafiya, ba fasawa. Wannan maganar ce ke riƙe jar fitila a kashe. Da zarar maganar ta yanke, ko don me, fitila ta kama da kanta. Watau ba a jiran labarin haɗari, labarin lafiya ake jira, in bai zo ba a ɗauka akwai matsala har sai mutum ya je ya duba.

Direbobin tirela sun san wannan sarai. Iska ce ke riƙe birkin babbar mota a sake. In tiyo ya fashe iska ta zube, birki yakan kama da kansa, mota ta tsaya. Jirgin ƙasa ya riga su: tun a shekarar 1872 George Westinghouse ya fito da birkin da ke kamawa da kansa in tarago ya rabu da sauran. Masu wannan hikima sun yarda cewa kowane abin hannu zai lalace wata rana, saboda haka suka zaɓa masa gefen da zai faɗi tun kafin ya faɗi.

Sau nawa za a riƙa wannan gaisuwa? Sai mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya gani, ya taka birki, mota ta tsaya a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, an ci wajen mita 100. Fitilar mota kuwa, in an sauke ta, ba ta haska wannan nisa, balle cikin ruwan sama. Saboda haka ana bukatar layi biyu. Na kusa, daga gada zuwa fitilun gargaɗi da aka kafa 'yan ɗaruruwan mita kafin gadar ta kowane gefe, wanda zai riƙa gaisuwa bayan kowace 'yan daƙiƙu. Na nesa kuma, daga gada zuwa gari, wanda ya isa ya kawo labarin tsawon ruwa bayan kowane minti 5, ya ƙara sauri in ruwa ya fara hawa. Kada kuma a kunna ja don saƙo ɗaya ya ɓace, gama walƙiya kaɗai tana iya haddasa haka. A bari sai uku sun ɓace a jere.

Wannan doka ta shafi kowane abin da ake sarrafawa daga nesa. Manomin fadama da ya sa wa injin ban ruwa rimot, ya tambayi kansa: in na kunna, sa'an nan layi ya yanke, me injin zai yi? In zai ci gaba da aiki har rijiya ta ƙafe ya ƙone, tsarin bai yi ba. Kamata ya yi umarnin kunnawa ya zo da wa'adi, in ba a sabunta shi ba injin ya mutu da kansa.

Batir, rana da zanzaro

'Yar na'urar SX1276 tana jan wajen miliamfa 120 sa'ad da take aike da dukan ƙarfinta. In saƙo yana cin daƙiƙa ɗaya, ana kuma aikawa bayan kowane minti 5, sau 288 ke nan a yini da kwana, abin da aka ci bai kai miliamfa-sa'a 10 ba. Batir irin na cikin tocila mai caji, mai ɗaukar 2,500, zai yi watanni, muddin na'urar tana barci tsakanin saƙo da saƙo. Mai sauraro kuwa ba shi da damar barci. Ko da yake wajen miliamfa 11 kawai yake ja, yana ja dare da rana, batir ɗin nan ba zai kai shi kwana 10 ba. Ashe mai ji ya fi mai faɗa ci. Shi da fitilun gargaɗi su ne za a ba faifan sola mafi girma, a kuma lissafa da kwanakin Agusta da rana ba ta fitowa.

Sauran maƙiyan mun san su. Zafin Afrilu yana gajarta ran batir, don haka akwatin ya zama fari, a inuwa. Ƙurar hunturu tana rufe faifan sola, sai an sami mai gogewa. Zanzaro yana son gina ɗakinsa a bakin ma'auni, tururuwa kuma tana shiga duk ramin da aka bari. Dogon ƙarfe a fili yana kiran tsawa, sai an ja masa waya mai kauri zuwa cikin ƙasa. Wayoyi su shiga akwati ta ƙasa, domin ruwa kada ya bi su ciki.

Waɗanda suka riga mu

Ba mu ne farkon masu wannan baƙin ciki ba. Ran 15 ga Satumba 2001, a Jihar Texas ta Amurka, manyan kwale-kwalen dakon kaya suka bugi gadar Queen Isabella da dare, wani sashe ya rufta. Motoci suka riƙa faɗawa ramin, mutum 8 suka mutu. Bayan an gyara gadar, sai aka bi jikinta da siririyar igiyar gilashi mai ɗauke da haske. In igiyar ta tsinke, jajayen fitilu su kama, su tsai da motoci. Dabarar siririyar wayar nan ce da muka ambata, sai dai tasu ta masu kuɗi ce.

Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Jihar Assam a ƙasar Indiya. A can wata cibiya mai suna ICIMOD, tare da ƙungiyar Aaranyak, suka kafa ma'aunin ruwa a bakin kogunan Jiadhal da Singora. Ma'aunin yana aika saƙo ta iska zuwa gidan wani mutumin ƙauye da aka ɗora wa kula da shi. In fitilar gidansa ta kama, shi ne zai buga waya ga ƙauyukan da ke gangare. Aikin ya sami lambar yabo ta Majalisar Ɗinkin Duniya a shekarar 2014. Abin lura a nan shi ne, na'ura ta ɗauki saƙo daga kogi zuwa gida ɗaya kawai. Daga nan mutane ne suka ɗauka.

Saura aikin mutane

A ƙasarmu akwai wata matsala da littattafan injiniya ba su faɗa ba. Direban da ya ga jar fitila a daji da tsakar dare ba tsayawa zai yi ba, ƙara wuta zai yi, gama ya san dabarun 'yan fashi. Ba kuwa za mu ga laifinsa ba. Saboda haka fitilar da direbobi ba su san da zamanta ba, ba ta da amfani. Dole shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Birnin Kudu, Gwaram, Basirka da Darazo su san da ita tun ranar kafawa, a kafa allo mai bayani wanda ake gani da rana, a kuma sa na'urar karɓa ɗaya a tasha, domin a tsai da mota tun ba ta tashi ba.

Haka kuma dole a tsare layin daga mai mugun nufi. Rimot mai araha lamba ɗaya yake maimaitawa kullum, wanda ya naɗe ta yana iya sake aika ta. Layin da ke da ikon tsai da motoci a hanya sai an kulle saƙonsa da mabuɗin sirri, lambar wasiƙa kuma kada ta taɓa komawa baya, domin tsohon saƙo kada ya yi aiki sau biyu.

Iska ma tana da mai ita. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ce ke kula da zangunan sadarwa da amincewa da na'urorin da ake shigowa da su. Ana yin irin waɗannan na'urori a kan megahaz 433, da 868, da 915, gwargwadon dokar ƙasar da za a kai su, don haka a tambaya kafin a saya. Hanya da gada kuwa na gwamnati ne. Kada wasu matasa, komai kyan niyyarsu, su je su ɗaura akwati mai waya da eriya a jikin gada ba tare da sanin hakimi, da ƙaramar hukuma, da 'yan sanda, da hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha ba. A kwanakin nan irin wannan akwati yana iya jawo wa mai shi abin da bai zata ba.

To, me ya rage mana? Muna da matasa masu gyaran waya da masu haɗa sola a kowace kasuwa, muna da ɗalibai a makarantun fasaha na Dutse da Kazaure waɗanda ake neman su yi aikin gwaji kafin su gama. Muna roƙon malamansu su turo su bakin rafukanmu. Su fara da ƙaramin abu, kwalbati ɗaya, ma'auni ɗaya, gida ɗaya mai karɓa, su bar shi ya sha damina guda cur, suna rubuta kowace ranar da ya yi shiru da dalilin shirun. Ambaliyar 2022 ta nuna wa Jihar Jigawa duka cewa ruwa bai gama da mu ba. Dattawa kuma, na masallaci da na majami'a, su zauna da mai unguwa su fid da mutum biyu ko uku a kowane gari na bakin gada, waɗanda in jiniya ta yi kuka, ko ta ƙi yin gaisuwarta, za su ɗauki tocila su fita. Zuwa da kai ya fi aike, amma sai ɗan aike ya tashe ka kafin ka je.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye matafiya.